Da za a bar kowa ya riƙe bindiga kamar Amurka, za mu kwana lafiya a Zamfara?

Wani malamin firamare daga yankin Tsafe ya aiko mini da tambaya. Wansa direban babbar mota ne a jihar Texas ta Amurka, kuma duk ranar da suka yi waya sai ya ce masa can kowa da bindigarsa a ɗaka, shi ya sa ba mai gigin haura maka katanga. Shi kuwa malamin, sau biyu ana kore shanun garinsu, damina biyu ba su leƙa gonakin bayan dutse ba, kuma sai da aka sayar da gona kafin a karɓo ƙanwar matarsa daga daji. Ya ce: "Baba, kai da ka yi aikin ɗan sanda har ka fita waje, gaya mini gaskiya. Wace ƙasa ta fi zaman lafiya, mai barin mutane su riƙe makami ko mai hanawa? Me zai hana mu ma a bar mu?"

Ɗana, Allah ya mayar muku da alheri, ya tsare gaba. Ban ga laifinka ba da ka yi wannan tambaya. Wanda ya taɓa kwana a cikin dawa da 'ya'yansa yana toshe wa jariri baki don kada a ji kukansa, ba mai zama a Gusau ƙarƙashin fanka ya ce masa ya yi haƙuri kawai. Shekara 35 na yi cikin kaki, wasu daga ciki a sashen rajistar makamai, shekara guda kuma a Laberiya wajen aikin wanzar da zaman lafiya. Zan gaya maka abin da na gani da abin da na karanta, ko da wani sashensa ba zai yi maka daɗi ba.

Ga ma'aunin da ake kwatanta ƙasashe da shi: a kowace shekara, mutum nawa ake kashewa cikin kowane mutum 100,000. A Japan adadin bai kai rabin mutum ɗaya ba. A Birtaniya wajen 1 ne. A Amurka yana yawo tsakanin 5 da 7. A Meziko a 2024 wajen 25, a Afirka ta Kudu ya haura 40. Mu fa? Kwamitin da tsohon Sufeto Janar M.D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya ƙirga mutum 6,319 da aka kashe a rikicin 'yan bindiga a Zamfara tsakanin 2011 da 2019, aka sace 3,672, aka biya fansa sama da naira biliyan 3. In ka raba gawarwakin nan a kan shekara takwas, ka auna da yawan mutanen jihar a lokacin, wajen miliyan huɗu da rabi, za ka samu kusan 17 ko 18. Wannan na ta'asar daji ne kaɗai, kuma na waɗanda labarinsu ya iso gari. Ka san akwai ƙauyukan da ake rufe mutum goma a rami ɗaya ba a rubuta sunan ko ɗaya ba. Saboda haka idan wanka ya ce ya fi ka samun barci, gaskiya ya faɗa. Inda muka rabu da shi shi ne a kan dalili.

Amurka ba ta da na biyu a yawan bindiga. Ƙiyasin cibiyar Small Arms Survey da ke Janeba na 2017 ya ce akwai bindiga kusan miliyan 393 a hannun farar hula, wato 120 ga kowane mutum 100. Bindiga ta fi mutane yawa. Wadda ke bi mata ita ce Yaman, da wajen 53. Najeriya a wannan ƙiyasin tana da wajen miliyan 6, kimanin 3 ga kowane mutum 100. Riƙe makami a Amurka haƙƙi ne da ke cikin tsarin mulkinsu tun 1791, kuma Kotun Ƙolinsu ta tabbatar a 2008 cewa haƙƙin na kowane ɗan ƙasa ne a kan kansa. A Texas ɗin da wanka yake, tun watan Satumba na 2021 wanda ya kai shekara 21 kuma ba shi da laifi a wuyansa yana iya yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba.

To me abin ya haifar? A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta yi ajalinsu a Amurka. Fiye da rabinsu, mutum 26,328, su suka harbe kansu. Wannan ne abin da masu yabon tsarin ba su cika faɗa ba. Bindigar da aka saya don ɓarawo tana kwance a akwati shekara da shekaru ɓarawon bai zo ba, sai ranar da baƙin ciki ya rufe maigidan, ko ya yi faɗa da matarsa, ko yaro ya ɗauko yana wasa. Tun daga 2020 harsashi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa a ƙasar, ya wuce hatsarin mota. A garin Uvalde na Texas, ranar 24 ga Mayu 2022, wani saurayi ɗan shekara 18 ya sayi bindigogi ta halal a kanti kwanaki kaɗan bayan cikarsa 18, ya shiga firamare irin wadda kake koyarwa, ya kashe yara 19 da malamai 2. Jami'an tsaro kusan 400 suka taru a makarantar, kowa da makami, aka yi minti 77 kafin a kutsa ajin. Ranar nan ba bindiga aka rasa ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ka lura da shi. Jihar New Hampshire da jihar Mississippi duk suna barin mutum ya yi yawo da bindiga ba lasisi, amma kisan kai a Mississippi ya ninka na New Hampshire fiye da sau goma. Doka iri ɗaya, rayuwa daban. Abin da ya raba su talauci ne, da daba, da ƙwaya, da tarihin wariya. Baƙaƙen fata ba su wuce kashi 14 cikin 100 na Amurkawa ba, amma fiye da rabin waɗanda ake kashewa su ne. Mu ma haka abin yake a nan. Dokar da ke aiki a Argungu ita ke aiki a Danko-Wasagu, wadda ke aiki a cikin Gusau ita ke aiki a Dansadau, amma ɗaya yana zuwa gona da rediyo a kafaɗa, ɗaya sai ya biya haraji kafin ya yi girbi.

Abin da ke ba wanka barci, a ganina, shi ne lamba uku da zai danna a waya, 911, motar 'yan sanda ta iso unguwarsa cikin 'yan mintoci, da sanin da kowane ɓarawo ya yi cewa akwai kotu, akwai kurkuku, kuma ba dajin da zai shige ya kafa sansani da mutum 300 hukuma tana kallo. Sannan abin da shi yake tsoro ɓarawo ɗaya ne ko biyu. Kai kuwa abin da ke zuwa maka babur 50 ne, kowanne da goyon biyu ko uku, da AK-47, wani lokaci har da babbar bindigar da ake girkewa a mota. Bindigar farauta mai baki biyu tana iya korar na farko. Na biyun yaƙi ne.

Japan da Birtaniya ba zan daɗe a kansu ba, domin nisan da ke tsakaninmu da su ya yi yawa. A Japan kafin ka mallaki bindigar farauta sai ka zauna aji, ka ci jarrabawa, likita ya duba lafiyar ƙwaƙwalwarka, 'yan sanda su bincika danginka da maƙwabtanka, su san inda ka ajiye ta da inda ka ajiye harsashi, kuma duk shekara uku ka sabunta. Akwai shekarun da waɗanda aka harbe a duk ƙasar, mai mutum sama da miliyan 120, ba su kai goma ba. Wanda ya kashe tsohon firaministansu Shinzo Abe a 2022 sai da ya ƙera tasa da hannu. Birtaniya ta haramta ƙananan bindigogi a 1997 bayan an kashe yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane, kuma har yau galibin 'yan sandansu ba sa riƙe bindiga. Ostareliya ta sayi bindigogi wajen 650,000 daga hannun jama'a ta lalata bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996. Duk ukun nan teku ya kewaye su, kuma hukumominsu in sun ce a kawo, ana kawowa.

Siwizalan ita ce masu ra'ayin wanka suka fi kafa hujja da ita, kuma tana da abin koyo. Bindiga tana da yawa, wajen 28 ga mutum 100, kisan kai kuwa bai kai 1 ba. Amma dubi yadda aka yi. Samarinsu suna shiga aikin soja na dole, a horar da su, bindigar da soja ke ajiyewa a gida tana da lamba a littafin gwamnati, kuma tun 2007 aka daina ba su harsashi su kai gida. Izinin yawo da bindiga mai harsashi a titi da wuya ake ba wanda ba aikin tsaro yake yi ba. Makami yana hannun mutane, amma linzami yana hannun hukuma.

Ƙasar da nake ganin fuskarmu a cikinta ita ce Meziko. Dokarsu tana da tsauri ƙwarai, har shekara da shekaru kantin sayar da bindiga na halal guda ɗaya tak ne a duk ƙasar, a cikin barikin soja a babban birninsu. Duk da haka daga 2017 zuwa 2024 an riƙa kashe sama da mutum 30,000 a shekara, domin makamai suna kwararowa ta kan iyaka daga Amurka, kuma ƙungiyoyin masu safarar ƙwaya sun fi ƙarfin hukuma a yankuna da dama. Mai bin doka ba shi da komai, mai karya ta yana da komai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma namu bangon ya tsage ne sosai bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, lokacin da aka fasa rumbunan makaman Libiya suka bazu cikin Sahel, suka gangaro ta Agadez zuwa dazukanmu. Ga kuma waɗanda ake ƙwacewa a hannun jami'an tsaro in an kai musu hari, ga kuɗin fansa da na zinariya da ke sayen sababbi.

Dokarmu kuwa tsohuwa ce, Dokar Makamai ta 1959, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin su bindigar soja, mai sarrafa kanta, da fistol, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai irin na farauta, waɗanda lasisinsu yana hannun Sufeto Janar. Sai bindigar toka da 'yan'uwanta da ake ɗurawa ta baki, waɗanda al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha tare da gwamna. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Wanda aka kama da bindiga ba izini yana iya fuskantar ɗaurin shekara 10 ƙarƙashin dokar fashi da makami ta 1984, kuma maƙerin da ya ƙera ba lasisi shi ma ya shiga. Sha'anin makamai na gwamnatin tarayya ne kaɗai a tsarin mulki. Shi ya sa a watan Yuni na 2022, da gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisi kuma za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19, nan take 'yan sanda da Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, suka ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Amma ka riƙe wannan: kare kai halal ne a dokarmu. Sashe na 33 na tsarin mulki da dokar Penal Code duk sun yarda mutum ya kare ransa da na wani da dukiyarsa da ƙarfin da ya dace. Irin makamin da izininsa ne doka ta ƙayyade.

Yanzu ga inda zuciyata ta fi nauyi. Abin da kake nema, a bar gari ya tsare kansa, an gwada shi a wurare masu kama da namu. Kolombiya ta halatta ƙungiyoyin sa-kai na karkara a 1994 don su kare manoma daga 'yan tawaye masu satar mutane. Daga 1997 da yawansu sun narke cikin wata babbar runduna mai suna AUC, wadda ta koma karkashe ƙauyawa, da ƙwace gonaki, da safarar hodar ibilis, har sai da gwamnati ta yi shekaru tana lallashi kafin mutum sama da 30,000 su ajiye makami. Burkina Faso ta yi doka a Janairun 2020 ta ɗauki 'yan sa-kai, horon mako biyu a ba mutum bindiga. Sun tsare wasu garuruwa, ba a musu. Amma garin da aka san yana da su sai ya zama abin hari, kamar Solhan a Yunin 2021, inda aka fara da sansaninsu sannan aka bi gida-gida aka kashe mutum sama da 130. Kuma Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba sun sha ɗanɗana kuɗarsu a hannun wasu daga cikinsu.

Mu ba sai an ba mu labari ba. A 'Yargaladima ta ƙaramar hukumar Maru, a Afrilun 2014, taron 'yan banga aka afka wa, mazauna garin suka ce sun rufe fiye da mutum 100. A Sakaba ta masarautar Zuru, a Maris na 2022, kwanton ɓauna ɗaya ya cinye 'yan sa-kai sama da 60, jarumai, magidanta, da bindigogin gargajiya a hannunsu. A ɗaya ɓangaren kuma, a Oktoban 2021 'yan sa-kai sun kashe Fulani 11 a kasuwar Mamande ta jihar Sakkwato, kwana goma bayan haka aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo aka kashe mutum 43. Na san 'yan sa-kai da suka ba da ransu don garinsu, ina yi musu addu'a har yau. Na kuma ga yadda kama mutum a kasuwa a yanke masa hukunci nan take, don kawai kamanninsa ko sunan rugarsu, ya tura ƙannensa daji. Duk wanda ya bi tarihin rikicin nan tun daga 2011 ya san wannan yana cikin itacen da ya hura wutar.

Abin da na gani a Laberiya shi ne wuyar fitar bindiga daga gari bayan ta shiga. An ce duk tsohon mayaƙin da ya miƙa makami za a ba shi dala 300. Mutum sama da 100,000 suka yi rajista, bindigogin da aka tara kuwa ba su kai 30,000 ba. Na tsaya a layin nan na ga yara da ba su kai ɗaliban ajinka na shida ba suna warware AK-47 da sauri fiye da kuratan da na horar. Mu ma a 2020 an yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya kawo AK-47 ɗaya, ka kuma san inda aka kwana. Bindiga mai kyau tana shekara 40 tana aiki. Wadda za a ba ka yau don ɓarawon daji, tana nan ranar rikicin gona da maƙwabci, tana nan ranar zaɓe, tana nan ranar rabon gado.

Ka tuna kuma ina mutanenmu na Zurmi da Shinkafi da gabashin Sakkwato suka nufa da abin ya yi tsanani daga 2019. Dubun-dubatarsu jihar Maraɗi suka tsallaka, ƙasar da ta fi mu talauci kuma farar hula ba su kai mu riƙe bindiga ba. Inda suke ganin soja a kan hanya suka bi, duk da cewa Nijar ɗin ma tana da nata ciwon a Tillaberi da Tawa.

Saboda haka ra'ayina shi ne wannan. Ban goyi bayan a buɗe kasuwar bindiga kowa ya saya ba, domin a ƙasar da ba a iya bin sawun makami, rabin abin da aka sayar zai ƙare a daji, ta hanyar ƙwace ko ta hanyar infoma. Ban kuma yarda a ce wa mutanen ƙauye su naɗe hannu ba alhali caji ofis mafi kusa yana da tafiyar awa biyu. Abin da ya rage shi ne tsaron gari mai rajista, irin hanyar da aka ɗauko da Askarawan Zamfara, waɗanda Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a ƙarshen Janairun 2024 su sama da 2,600. Amfaninsu ya dogara ne a kan abubuwan da ba a gani a ranar fareti: kowace bindiga da lambarta da sunan mai riƙe da ita, a ƙirga harsashi fita da dawowa, albashi ya zo a kan kari, wanda ya kashe marar laifi ya gurfana gaban alƙali kamar kowa, a sa Fulanin gari a ciki, kuma a samu layin magana da soja. Muhimmancin wannan na ƙarshen ya fito fili ranar da jirgin yaƙi ya yi kuskuren jefa bam kan masu kare gari a Tungar Kara a Janairun 2025, aka rasa mutum aƙalla 16.

Kai kuma, ɗana, kada ka sayi bindiga a ɓoye. Wanda zai sayar maka sau da yawa shi ke sayar wa na daji, kuma zai san gidan da take. In jami'ai suka same ta a ɗakinka, kai za a kira ɗan bindiga, aikinka ya tafi, yaran ajinka su rasa malami. In akwai bindigar toka ta gado a gidanku, ku je da mai gari wurin DPO a rubuta ta. Ku zauna da hakimi a tantance waɗanda za su yi sintiri, dattawa su san kowa da sunan ubansa, a ajiye duk wanda aka san yana shaye-shaye ko yana da tsohuwar gaba da wani gida. Ku haɗa lambobin waya da garuruwan da ke kewaye da ku da sansanin soja mafi kusa, domin sau da yawa minti 20 na gargaɗi ya fi ceton rai a kan bindiga 20. A makarantarku ku koya wa yara ta inda za su fita da inda za su taru in an ji harbi, ku maimaita har ya zauna musu, kamar yadda ake yi a makarantun Texas ɗin. In kun sake waya da wanka, ka tambaye shi ko 'ya'yansa suna yin wannan atisayen a aji, kuma tun suna shekara nawa aka fara koya musu.